Inda kuɗin sola ke nutsewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a shafin wasiƙu in yi magana kan sola, don tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, maganarta ta bar hannun injiniyoyi ta koma majalisu da teburin mai shayi. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira dubu kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi daɗewa a yini, zuwa naira 225 kowane yunit. Sai ga duhun Oktoban shekarar, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe sama da mako guda babu wuta. Yanzu duk wanda ya hau bene a Kano ko Kaduna ya leƙa rufin maƙwabta zai ga farantan sola na ƙyalli ko'ina. Abin da ba zai hango daga sama ba shi ne yawan gidajen da farantin ke kan rufi amma fanka ke tsayawa ƙarfe biyun dare, maigida ya fita da tocila yana jan igiyar janareton taiga. An sayar da kare an sayi biri ke nan, tsugune ba ta ƙare ba.

Rana dai ba ta yi mana rowa ba. Daga Sakkwato zuwa Maiduguri, abin da ke sauka a kan faranti a yini ya kai kwatankwacin awa biyar da rabi zuwa shida na cikakkiyar rana, wanda Jamus da take cike da sola ba ta samun fiye da rabinsa. Farashin farantin kansa ya faɗi warwas a kasuwar duniya cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan. Rijiya ce ta bayar guga ya hana, gugan kuwa shi ne batir. Shi ya fi komai tsada, shi ke fara mutuwa, a kansa ake fi yin algus, kuma a kansa mai haɗawa ke rage lissafi don kada farashi ya kori mai saye.

Mu ɗauki gida matsakaici mu yi lissafi, don a nan ake fara kuskure. Ƙwan fitila shida masu wat 10, awa shida: 360. Fankar sama biyu masu wat 70, awa goma: 1,400. Talabijin mai wat 60, awa biyar: 300. Firji ɗaya a yini da dare: kusan 1,200. Cajin wayoyi: 100. Jimilla 3,360, wato yunit uku da ɗan ɗori, tunda kowane dubu yunit ɗaya ne. A ƙara kashi 30 cikin ɗari na abin da ke salwanta a waya da caji da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ya zama kusan 4,400. A raba da awa biyar, an samu wat 880. Faranti biyu masu wat 550 sun ɗauki gidan har da rarar ƙura da zafi. Har nan babu rigima.

Rigimar tana cikin abin da za a ci bayan magariba. A wannan gidan, fitilu da talabijin da fanka ta awa takwas da rabin aikin firji sun kusa yunit biyu da rabi, idan aka haɗa da ladan inbata su doshi 2.8. Batir mai dalma na 12V 200Ah a takarda yunit 2.4 yake ɗauka, amma ba a zuƙe shi fiye da rabi idan ana son ya yi ƙarko. Abin da yake bayarwa na gaskiya yunit 1.2 ne. Guda biyu, 2.4. Ba su kai ba. Gidan yana buƙatar huɗu, ko kuma batir ɗin litiyam guda na 48V 100Ah, mai kusan yunit biyar, wanda ake iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa. To amma biyun nan su ake sa wa mutane, tare da inbata mai suna babba, a ce musu ai 3.5kVA ce, komai za ta ɗauka. Girman inbata faɗin bakin famfo ne, batir shi ne tankin. Kowane dare ana tatse baturan nan biyu har inbata ta yi kuka ta kashe kanta, gishirin dalma ya daskare a jikin farantansu na ciki, cikin shekara guda ko ƙasa da haka abin da ke kaiwa asuba ya koma ba ya wuce sha biyu. Sai a ce sola yaudara ce.

Ita ma 3.5kVA ɗin, a yawancin inbatoci wat 2,800 ne kawai. Dutsen guga yana jan wat dubu ko fiye, butar lantarki ta kusa dubu biyu, kuma duk abin da ke da mota a ciki, firiza ne ko sumo, famfon da ake zurawa cikin rijiya, ko na'urar sanyaya ɗaki, yana fizgar ninki uku zuwa biyar na ƙarfinsa a daƙiƙar da zai tashi. Guga da dafa ruwa da tura ruwa sama aikin tsakar rana ne, daga sha ɗaya zuwa uku, lokacin da wutar ke zuwa kai tsaye daga rufi. Gidan da ya koyi wannan kaɗai ya ƙara wa baturansa kwana.

Sai zafi, wanda takardun da ke zuwa cikin kwali ba da mu aka rubuta su ba. Ana auna batir da faranti ne a ma'aunin zafi 25. Batir mai dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin maki goma a kan haka. A Afrilu Kano da Sakkwato suna haura 40, mu kuma sai mu cusa batura a ƙarƙashin matakala ko a sito mai rufin kwano ba taga, kusa da kicin. Wurinsu ɗaki mafi sanyi a gidan, mai shigar iska, a kan katako ko teburin ƙarfe, da tazarar yatsu uku tsakanin kowane biyu. Masu ruwa a duba su duk wata, a bazara duk mako biyu, a cika da tataccen ruwan batir wanda babu asid a ciki. Fiya wata da ruwan burtsatse suna ɗauke da gishirin da ke kashe shi a hankali. Kada a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon su tafi tare. Farantin ma yana jin zafi: idan jikinsa ya kai 65, abin da yake yi a bazara, kusan kashi 15 na ƙarfinsa ya tafi. Shi ya sa ba a manna shi da kwano, ana ɗaga shi kamar taƙi guda iska ta ratsa ƙarƙashi. Ya fuskanci kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15, daidai da inda muke a doron ƙasa, kuma don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Da hunturu ƙura na kwantawa kamar an barbaɗa gari, don haka a wanke shi duk mako da sassafe ko da yamma, da ruwa da tsumma mai laushi, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi. Inuwar tankin ruwa ko reshen darbejiya a kan faranti ɗaya tana rage na sauran da ke layi da shi.

Akwai abin da ke jawo gobara, kuma ya kamata a faɗe shi. Inbata mai 24V idan tana ba da wat 2,400, abin da ke bi ta wayar batir ya kai amfiya 100. Wannan yana son wayar tagulla mai kauri 25mm² zuwa 35mm², gajera, da kawuna da aka matse da maƙata ta gaske. Kasuwa kuwa ta cika da wayar alminiyon da aka yi wa wankan tagulla; a kankare ta da wuƙa, idan fari ya bayyana a ajiye ta. Makatsar wutar gida ba ta aiki a ɓangaren batir da faranti, dole a sa wadda aka yi don wutar DC, wato irin wutar batir da faranti, in ba haka ba tartsatsin ba ya mutuwa idan ta buɗe. Sandar ƙasa da na'urar kare tsawa kuma su ne farkon abin da ake cirewa daga lissafi, su ne kuma ake tunawa da su a farkon damina bayan inbata ta ƙone.

Algus kuwa ana iya kama shi da sikeli da tef. Faranti na zamani yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita. Mai wat 550 na gaskiya tsawonsa ya kusa mita 2.3, faɗinsa mita 1.1 da kaɗan. Idan takardar da ke bayansa ta ce 500, tef kuma ya nuna girmansa bai kai murabba'in mita biyu ba, takardar aka sauya. Batir mai dalma na 200Ah nauyinsa kilo 55 zuwa 65. Wanda yaro ɗaya zai ɗaga ya ɗora a kan babur ba 200 ba ne. Na litiyam ya fi wuyar ganewa, don ana kwaso tsofaffin ƙwayoyi a zuba a sabon akwati. Mai saye ya nemi a nuna masa, a allon batir ɗin ko a manhajarsa ta waya, sau nawa aka taɓa cika shi aka sauke, ya kuma karɓi garanti a rubuce da sunan shagon da za a iya komawa. Araha ba ta ado.

Duk wannan ya kai ni ga abin da nake ganin mun sa a baya alhali shi ya kamata ya shige gaba. Inda sola ta fi riba shi ne inda ba a buƙatar batir sam, wato aikin da ake yi da rana. Noman rani ne kan gaba. A ɗauka manomi a Kura ko Kadawa ko fadamun Haɗeja da Argungu yana da injin ban ruwa mai inci uku, wanda ke shan kusan lita guda a awa. Awa biyar, sau uku a mako, mako goma sha shida: lita 240. A kan naira dubu, naira 240,000 ke nan a kaka ɗaya, ban da baƙin mai da fulogi da gyara. Famfon sola mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wat 1,100, yana son farantan da suka ninka shi sau ɗaya da rabi, wato uku masu wat 550, da akwatin sarrafawa, shi ke nan. Rana ta ɗaga ya fara turo ruwa, ta yi sanyi ya tsaya. Sharuɗɗansa kaɗan ne amma ba a wasa da su. Injin da ke zaune a sama ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai, don haka idan ruwan fadama yana ja baya a Maris da Afrilu, sumo za a zura. A sa masa na'urar da ke kashe shi idan rijiya ta ƙafe, don minti kaɗan yana juyi ba ruwa sun isa su ƙona shi. A tace yashi. A tabbatar ƙarfin wutar farantan da aka jera ya faɗa cikin abin da akwatin ya rubuta. Kuma a yi wa farantan firam ɗin da za a iya kwancewa a ɗora a amalanke a kai gida, don ɓarawo ba ya barin su su kwana a gona. Abu ɗaya nake tsoro: da fetur, tsadarsa ke sa manomi ya kashe inji, da sola babu mai hana shi bari ya yi ta kwarara. Idan kowa ya yi haka a fadama ɗaya, ruwan ƙasa zai yi nisa, mai ƙaramar rijiya ya fara shan wahala. Ƙungiyoyin manoma su soma maganar rabon lokaci tun yanzu.

Haka rijiyar burtsatse ta unguwa ko ta masallaci: a tura ruwa tankin sama da rana, a sha da dare. Tankin lita dubu biyar ya fi kowane batir araha kuma ba ya mutuwa a shekara biyu. Mai sayar da ƙanƙara da lemo ya kunna firiza daga safe zuwa la'asar, ya jera robobin ruwa a ƙasanta su daskare, ya rage buɗe murfi. Ƙanƙarar ce za ta riƙe sanyin har gari ya waye. Da wannan dabarar aka ƙera firjin ajiye allurar rigakafi da ake kai wa ƙananan asibitocin karkara, masu aiki kai tsaye daga faranti, su tara sanyi a jikinsu na kwanaki. Mai niƙa da mai markaɗe da tela da mai walda duk da rana suke aiki.

Me ya hana waɗannan mutane saye? Kuɗin farko. Janareto yana da araha ranar saye, ya yi ta cin mai shi kullum. Sola tana karɓar na shekaru a rana ɗaya. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma kusan komai na sola daga waje yake zuwa. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bashin kasuwanci ya doshi kashi 30. Ko da ruwan bai kai haka ba, manomi da ɗan kasuwa a nan da yawa ba za su taɓa bashi mai riba ba, kuma masu tsara shirye-shirye daga Abuja da Legas sukan manta da wannan. Alhali kayan sola sun dace da murabaha da ijara kamar don su aka yi: kaya ne da ake gani, banki ya saya ya sayar da ribar da aka sani, ko ya ba da haya har a mallaka. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna da babbar kasuwa a nan idan suka tsara biya ya zo daidai da girbi maimakon ƙarshen wata. Ƙananan fitilun biya kaɗan-kaɗan ta waya sun riga sun nuna cewa talaka yana biya idan aka daidaita da aljihunsa. Ko adashe tsakanin manoma goma yana iya fitar da famfo ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɓangaren doka an samu sauƙi, a faɗi gaskiya. Gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin shekarar sun ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu. Ƙa'idar 2023 ta hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ce ƙaramar tashar gari da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take buƙata, daga nan zuwa megawat ɗaya kuma izini. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na yaɗa wutar sola da hukumar REA mai kai lantarki karkara ke gudanarwa. Sai dai tashar ƙauye tana rayuwa ne idan akwai masu cin wuta da rana. Idan fitila da cajin waya da dare kaɗai ake yi, kamfani zai tara batura, kuɗin yunit ya yi sama, jama'a su ƙi biya, tashar ta mutu. A fara ƙidaya injinan niƙa da shagunan walda da famfuna kafin a ƙidaya gidaje. Masu ƙorafin cewa wutar irin wannan tasha ta fi ta NEPA tsada kuma su auna ta da janareto, wanda da ƙyar ƙaraminsa ke fitar da yunit biyu daga lita guda.

Manyan ayyuka ba zan daɗe a kansu ba. A 2016 kamfanoni goma sha huɗu suka sa hannu da NBET, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, kan tashoshin sola na megawat 1,125, yawancinsu a Arewa. Aka tsaya jayayya kan rage farashi daga santi 11.5 na dala zuwa 7.5 kowane yunit da kuma wa zai tsaya wa biyan kuɗin, shekaru suka shuɗe ba a ga ko ɗaya ta tashi ba. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 da fankoki 37, tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka fara maganarta, aka sace injiniyan aikin Bafaranshe a garin Rimi a Disamban 2012, aikin ya haura shekara goma yana jan ƙafa. Tashar sola ta Kumbotso a Kano mai megawat 10 an ƙaddamar da ita a Janairun 2023. Mai zuba jari yana kallon waɗannan ne kafin ya kalli taswirar rana. Su kuma fitilun titi na ayyukan mazaɓu, kowa ya san yadda suke ƙarewa: a yi bikin buɗewa, babu ko sisi na wanke faranti ko sauya batir a kwangilar, bayan damina biyu sandar ta zama wurin ɗaure akuya. Duk kwangilar sola ta gwamnati ya kamata a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, a riƙa sakar masa shekara-shekara har biyar gwargwadon fitilun da ke ci.

A 2025 an ji ministan kimiyya da fasaha na lokacin yana maganar hana shigo da farantai don a ƙarfafa na gida. Niyyar ba laifi, amma masu harhaɗawa a gida ba su kai ga cike ko kusa da buƙata ba, kuma ƙwayoyin da suke jerawa ma shigo da su ake yi. Hani yanzu tsada kawai zai ƙara da fasa-ƙwauri. Inda ya kamata a taɓa shi ne harajin batir: harajin shigo da batir ya fi na faranti yawa, alhali shi ne ya fi nauyi a lissafin. A sauke shi ga litiyam mai inganci, hukumar ingancin kaya ta SON ta tsaya a kan na jabu, hukumar NEMSA mai duba aikin lantarki ta sa duk mai haɗa sola ya riƙe takardar shaida, kwalejojin fasaha da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su yi gajerun kwasa-kwasai da Hausa ga yaran da ke hawa rufi yau da gobe ba tare da sanin lissafin waya ba.

Sannan matattun baturan, ina suke zuwa? 'Yan gwangwan ke sayensu, a fasa da guduma, a zubar da asid a kwata, a narka dalma a fili cikin unguwa, yara na wasa a gefe. Mun ga aikin gubar dalma a Zamfara a 2010, inda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. A wajabta wa mai sayar da batir ya karɓi tsoho a rage wa mai saye kuɗin sabo, shi kuma ya miƙa ga masana'antar da ke da lasisin narkawa.

Roƙona gare ka, Malam Edita: ka tura wakilinku kasuwar kayan lantarki ta kowane babban gari da sikeli da tef. Ya auna batura ashirin da farantai ashirin, ya rubuta abin da takarda ta ce da abin da sikeli da tef suka ce, ku buga mana su jere a shafi ɗaya.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani injiniyan lantarki, daga Kano